Baya a Ƙasa, Hanci a Sama: Wahalar Miƙar da A-kori-kurar da Ke Jan Tirela

Ranar Juma'ar da ta gabaci Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu, lokacin da Amurkawa ke buɗe hutun bazararsu, manyan titunan da suka fita daga birane irin su Dalas da Denba kan cika maƙil da motocin a-kori-kura. Da wuya a ga wadda take tafiya ita kaɗai. Wannan tana jan ɗakin kwana mai taya, waccan kwalekwale mai inji, ta bayanta tirelar dawakai. Wanda ya tsaya a gidan mai ya zuba ido na minti goma zai lura da abu guda: da yawa daga cikinsu ba a miƙe suke ba. Baya ya durƙusa har bamba na neman shafar kwalta, hanci ya ɗaga sama. Idan dare ya yi, fitilun irin wannan mota sun bar titi, idon mai tahowa suke kashewa.

Direban da ke ciki ya fi kowa sanin halin da ake ciki. Sitiyari ya yi sakwat a hannunsa, burki ya rage ci, kuma da zarar wata babbar mota ta gifta da gudu sai tirelar ta fara lilo tana fizgar bayan motar. Da ya dawo gida, abin da zai fara nema shi ne wanda zai miƙar masa da ita.

Daga nan ne kuɗi ke fara zuba. Kasuwa cike take da kayan da aka ce suna daidaita mota, alhali ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu suna gyara yadda motar take a ido, wasu suna gyara yadda nauyi ya zauna a kan tayoyi, wasu kuma ƙara dagula lamarin suke yi.

Ƙasar a-kori-kura

Babu ƙasar da ta rungumi irin wannan mota kamar Amurka. Tun 1977 jerin motocin F na kamfanin Ford ke kan gaba a cinikin a-kori-kura a ƙasar, Chevrolet Silverado da Ram da GMC Sierra da Toyota Tundra na biye. A da motar manomi ce da magini. Yau ta zama motar iyali mai ƙofa huɗu da kujerun fata, wadda ake kai yara makaranta da ita ranar Litinin, a ja tirela da ita ranar Asabar.

Wannan sauyi ya shafi ƙafar motar. Wanda zai zauna a mota kullum ba ya son ta riƙa jijjiga shi, don haka kamfanoni suka tausasa sifirin. A 2009 Ram ta cire sifirin falle-falle daga bayan ƙaramar a-kori-kurarta ta sa mai murɗi irin na ƙananan motoci, Tundra ma ta bi sahu a 2022. Tafiya ta yi daɗi, amma sifiri mai laushi ya fi saurin durƙusawa idan an ɗora masa nauyi.

Sai kuma annobar korona ta zo ta rufe otal-otal da jiragen sama, jama'a suka koma sayen ɗakin kwana mai taya. A 2021 masana'antun ƙasar, waɗanda galibinsu suke yankin Elkhart a jihar Indiyana, sun fitar da kimanin 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kuma mafi yawansu irin waɗanda ake ja ne. A yawancin jihohi lasisin tuƙi na kowa da kowa ya isa mutum ya ɗaura tirela mai tan 3 ya hau titi, ko da bai taɓa jan ko amalanke ba.

Su ma kamfanonin mota sun daɗe suna gasar cika baki kan nauyin da motarsu ke iya ja, kowa da irin awonsa. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ce ta fito da ma'auni guda a 2008, wanda ake kira J2807. Cikin gwajin har da hawan wani dogon tudu mai kimanin kilomita 18 kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin zafin da ya kai digiri 38, na'urar sanyaya ɗaki a ƙure. Toyota ce ta fara amfani da shi, sauran manyan suka biyo baya wajen 2015. Ma'aunin ya rage ƙarya. Sai dai lambar da ake bugawa a talla, wadda a wasu F-150 na Ford take kai tan 6, ta motar da ba ta ɗauke da kowa ce sai direba da fasinja guda. Ba haka iyali ke fita hutu ba.

Karkatar da kamfani ya yi da gangan

A-kori-kurar da ta fito daga masana'anta, idan ba komai a bodinta, bayanta ya fi gabanta tsayi da inci 2 ko 3. Ba kuskure ba ne. Injiniyoyi sun bar wannan tazara ce domin idan lodi ya hau, baya ya sauka ya yi daidai da gaba.

Matasa da yawa, da ma wasu dattawan, ba sa son wannan tsayuwa. Suna ganin motar kamar ta sunkuya. Maganin da kasuwa ta samar musu mai arha ne: zoben ƙarfe ko na roba mai tauri da ake sawa a saman shokazoba na gaba, ya ɗaga hancin motar da kimanin inci 2. A tsofaffin motocin da ke amfani da sandar murɗi a gaba, wani ɗan makulli ake sauyawa. Da dala 100 zuwa 'yan ɗaruruwa an gama. Motar ta miƙe, an sami wurin sa manyan tayoyi, mai ita ya yi ta ɗaukar hoto.

Ranar da ya ɗaura tirela ne zai gane abin da ya sayar. Tazarar da kamfani ya bar wa lodi ta tafi. Motar da a da za ta sauka ta yi daidai, yanzu daga daidai za ta fara sauka, ta ƙare hanci a sama da inci 2 ko 3. Ga kuma ƙananan wahalhalu da ke biyo baya ko babu tirela: boljoyin da shaf na gaba suna aiki a karkace sai su riƙa saurin ci, dole a sake saitin taya da na fitila, kuma a sababbin motoci kyamara da na'urar hango abin da ke gaba na iya buƙatar sabon saiti.

Masu sayar da zoben suna cewa inci 2 ba wani abu ba ne, kuma zoben bai rage wa aksul ko burki ƙarfin komai ba. A nan suna da gaskiya. Dillalan mota kuwa sukan yi barazanar soke garanti, ko da yake dokar Magnuson-Moss ta 1975 ba ta ba su damar soke shi gaba ɗaya don kawai an sa kayan wani kamfani ba, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Tsofaffin masu jan tirela sun fi kowa taƙaita magana: wanda yake ja kullum ya bar gaban motarsa yadda ya same shi.

Abin ban dariya shi ne akwai waɗanda suka mai da durƙuson ado. A jihohin Karolaina an yi yayin ɗaga gaba sosai a bar baya a ƙasa, har direba ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa. Karolaina ta Arewa ta haramta shi a ƙarshen 2021, inda ta hana gaban mota ya ɗara baya da inci 4 ko fiye. Jihar Bajiniya ta bi a 2022 bayan wani haɗari da ya ci rai, Karolaina ta Kudu a 2023. Mai jan tirelar da bai daidaita ba yana shiga kusan wannan hali, ba tare da ya yi niyya ba.

Inda nauyin gaba ya tafi

Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san abin da ke faruwa idan aka jibge jarkoki a ɓangare guda: taya ce ke zama tsakiya, ɗaya ɓangaren ya sauka, ɗayan ya tashi. A a-kori-kura, aksul ɗin baya ne tsakiyar. Ƙwallon ƙarfen da ake maƙala wuyan tirela yana bayansa da fiye da mita guda, saboda haka duk nauyin da ya danna ƙwallon yana ɗaga gaban motar.

A yi lissafi da mota mai tazarar mita 3.7 tsakanin tayar gaba da ta baya, ƙwallonta kuma yana mita 1.25 a bayan aksul. Idan wuyan tirela ya danna da kilo 400, kimanin kilo 135 zai bar tayoyin gaba. Bai ɓace ba, baya ya koma. Aksul ɗin baya yanzu yana ɗauke da ƙarin kilo 535, ya fi abin da tirelar ta ɗora. Tayoyin gaba kuwa, waɗanda su ne ke juya mota kuma su ke yin kaso mafi girma na aikin burki, sun rasa wani ɓangare na abin da ke manne su da kwalta.

Wannan shi ne ainihin ciwon. Durƙuson baya alama ce kawai da ido ke gani.

Wani zai ce to a rage nauyin wuyan mana, a tura kaya can ƙarshen tirela. Wannan ya fi haɗari. Tirelar da wuyanta ya yi sakayau ita ce ke yin lilo, kuma lilon yana ƙaruwa da gudu har ya kai inda zai kifar da mota da tirela baki ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar da aka saba da ita a Amurka ita ce wuyan ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela, kuma kamfanin hayar tirela na U-Haul yana gaya wa masu haya su sa kimanin kashi 60 na kaya a rabin gaba. Idan lilon ya riga ya fara, taka burkin mota da ƙarfi ƙara masa wuta yake yi. Abin da masana ke koyarwa shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a matsa burkin tirelar ita kaɗai da ɗan hannun da ke jikin na'urarsa a gaban direba.

Ke nan nauyi a wuya dole ne. Tambayar ita ce yadda za a raba shi.

Sanduna biyu da ke mai da nauyi gaba

Cikin duk kayan da ke kasuwa, abu ɗaya ne yake taɓa wancan kilo 135: ƙugiya mai raba nauyi. Tana da sandunan ƙarfe guda biyu masu tauri da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwallon su miƙa baya, a ɗaure ƙarshensu da sarƙa ko a ɗora su kan wasu maƙalai a jikin wuyan tirela. Idan aka ɗame su, mahaɗar mota da tirela ba ta iya lanƙwashewa ƙasa yadda take so. Sandunan suna ɗaga bayan mota, su tura wani kaso na nauyin zuwa tayoyin gaba, wani kason zuwa tayoyin tirela.

Reese da Equal-i-zer da Blue Ox da Andersen na cikin sunayen da aka fi sani, galibi a kan 'yan ɗaruruwan daloli zuwa dala 1,000. Wasu an yi su yadda gogayyar ƙarfe da ƙarfe za ta riƙa danne lilo, abin da ya sa ake jin su suna ƙara a kwana. Hensley da ProPride, waɗanda ke hana wuyan tirela juyawa a kan ƙwallo gaba ɗaya, sukan kai dala 3,000. A F-150 da yawa, takardar da ke jikin mazaunin ƙugiyar ta nuna cewa idan babu sandunan, iyakar tirela kimanin kilo 2,270 ce, iyakar wuya kuma kimanin kilo 230. Babbar lambar talla sai da sanduna.

Saitinta ba ya buƙatar komai sai awon tela da fili mai shimfiɗe. Ana auna tsayin bakin bodi a saman tayar gaba kafin a ɗaura tirela, a sake aunawa bayan an ɗaura ba tare da sanduna ba, sannan a ɗame sandunan har gaban ya sauko. Iya nawa zai sauko ya danganta da kamfani da shekarar mota: wasu littattafan mota sun ce a mai da shi inda yake tun farko, wasu sun ce rabin hanya ya isa. Abin lura shi ne gaba ake aunawa. Baya zai ɗan ci gaba da zama ƙasa, kuma ba laifi.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Suna ɗame sanduna fiye da kima don su ga mota ta miƙe sak. Abin da hakan ke yi shi ne rage wa tayoyin baya nauyi, a kan jiƙaƙƙen titi kuwa bayan da ba shi da nauyi yana iya sulɓewa a kwana, tirela ta naɗe motar. Ga kuma wahalar da wuyan tirelar ke sha. Masu shiga daji sukan kwance sandunan kafin su tsallaka kwari mai zurfi, don kada ƙarfe ya lanƙwashe.

Jakar iska, roba da ƙarin sifiri

Sauran kayan duk a bayan mota suke aiki, tsakanin aksul da shasi.

Wadda ta fi farin jini ita ce jakar iska, wata roba mai kauri da ake hurawa kamar taya. Kamfanin Air Lift na garin Lansing a jihar Mishigan yana yin ta tun 1949, Firestone kuma yana da tasa mai suna Ride-Rite. Ana barinta da iska kaɗan, kamar psi 5, idan mota ba kaya, a ƙara har zuwa 100 idan lodi ya yi yawa. Wasu suna haɗa mata ɗan famfo da ake sarrafawa daga cikin mota ko ta wayar hannu. Ram ta fara sayar da motoci masu ƙafar iska tun daga masana'anta a 2013, waɗanda ke ɗaga kansu da kansu idan an ɗaura tirela.

Akwai kuma na waɗanda ba sa son ɗawainiyar hura iska. Timbren na Kanada yana yin curin roba mai rami a ciki da ke maye gurbin ɗan robar da ke hana aksul dukan shasi. SumoSprings irinsa ne, amma da wani soso mai tauri. Hellwig yana yin ƙarin fallen sifiri. Duk ba sa yoyo, ba sa buƙatar kulawa, sai dai ba a iya rage musu tauri ranar da mota take fanko.

Suna da amfani, babu musu. Suna hana bayan mota dukan ƙasa a rami, suna rage rawar gaba da baya a kan gada, suna sauko da hasken fitila kan titi. Inda suka fi dacewa shi ne lodin da ke zaune a saman aksul, kamar yashi ko siminti a bodi, ko manyan tirelolin da ake maƙalawa a tsakiyar bodin maimakon bayan bamba. Irin waɗannan ba sa ɗaga gaba sosai, tunda nauyinsu a kan tsakiyar yake sauka.

Amma a tirelar bamba, jakar iska tana iya yaudarar mai ita. Ya hura, baya ya tashi, mota ta miƙe kyam. Da za a kai ta sikeli, za a tarar kusan duk kilo 135 ɗin nan bai koma gaba ba. Ƙwallon yana nan inda yake, aksul yana nan inda yake, lissafin bai sauya ba. Sitiyarin da ke sakwat yana nan sakwat, sai dai yanzu babu alamar da za ta gargaɗi direba.

Masu haɗa biyun suna da tsarin da suke bi: a fara hura jaka, sannan a saita sanduna. In aka yi akasin haka, iskar za ta ɗaga baya ta sassauta sandunan da aka riga aka ɗame. Haka kuma ƙwararru sun fi son kowace jaka da bututunta, domin idan bututu ɗaya ya haɗa su, iska kan gudu daga wadda aka danne a kwana zuwa ɗayar, motar ta ƙara kwantawa.

Takardar da ke jikin ƙofa

A kwalin jakar iska akan rubuta cewa tana iya tallafar kilo 2,000 da ɗoriya. A cikin takardar da ke kwalin kuma, kamfanin da kansa yana gargaɗin cewa ba ta ƙara ko kilo ɗaya a kan nauyin da aka ƙayyade wa motar ba. Aksul bai sauya ba, haka burki da taya da shasi.

Iyakar gaskiya tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wata 'yar takarda da doka ta wajabta, wadda ke faɗin nauyin mutane da kaya da wannan motar takamaimai za ta iya ɗauka. A ƙananan a-kori-kura masu ƙofa huɗu, lambar kan faɗo tsakanin kilo 600 da 900, kuma duk ƙarin kayan alatu rage ta yake yi.

A ɗauki mota mai kilo 750 da tirela mai tan 3.2. Wuya ya ci kilo 400, ƙugiyar da sandunanta kilo 40, miji da mata da yara biyu kilo 250. Saura kilo 60, kuma ba a sa janareta ba, ba a sa itacen gashi ba, ba a sa kare ba. Tallar motar ta ce tana jan tan 5. Tana iya ja, ɗauka ce ta ƙare. A garejin da ake sa waɗannan kaya, wannan ce maganar da masu mota ba sa son ji, domin maganinta ba zobe ba ne, ko dai a rage tirela ko a sayi babbar mota.

Hanyar tabbatarwa ba ta da tsada. Kamfanin CAT Scale, wanda aka kafa a 1977, yana da sikeli a tashoshin manyan motoci fiye da 2,000 a Amurka da Kanada, kowanne an raba shi gida uku: gaba, baya, tirela. Da 'yan daloli mutum zai hau sau uku, mota ita kaɗai, mota da tirela ba sanduna, sannan da sanduna. Takardu ukun za su nuna nawa ya bar gaba, nawa ya dawo, da ko aksul ɗin baya ya wuce iyakarsa. Ford ta fara sa irin wannan awo a jikin F-150 a 2021, yana ƙiyasta lodi da nauyin wuya ya nuna a allon mota. Sai dai da tsayin ƙafa yake lissafi, don haka wanda ya sauya ƙafar ya rikita shi.

Turai da Ostiraliya sun bi wata hanya

Baturen Jamus da ya ga Ba'amurke yana fama da sanduna zai yi mamaki. A Turai ana jan ɗakin kwana da ƙaramar mota, wuyan tirela bai cika wuce kashi 5 zuwa 7 cikin 100 ba. Dalilin shi ne tirelolinsu sun fi sauƙi, tayoyinsu suna tsakiya, sannan ba sa gudu. A Jamus iyakar mai tirela kilomita 80 ce a awa, sai mai izini na musamman ya kai 100. A Birtaniya kimanin 96 ce a babban titi. A Amurka, in ka cire irin su Kalifoniya da ta tsayar da masu tirela a kimanin 90, jihohi da yawa suna barin su su bi gudun kowa, wanda kan wuce 110. Mai wannan gudun dole ya danna wuya, wanda ya danna wuya kuma dole ya nemi sanduna.

Ostiraliya ce ta fi kama da abin da muka sani, domin motocinsu Hilux ne da Ford Ranger da Isuzu D-Max. An rubuta musu jan tan 3.5, amma idan wuya ya ci kilo 350 daga abin da motar ke iya ɗauka, ga ƙarfen kariya a gaba, ga firiji da tanti da ƙarin tankin mai a baya, lissafi ya ƙare tun kafin a bar gida. A can ne aka san matsalar lanƙwashewar shasi tsakanin kan mota da bodi, a hanyoyin daji masu ramuka. Wasu makanikai suna ɗora laifin a kan jakar iska: sifirin falle-falle yana raba nauyi a wurare biyu a jikin shasi, jakar kuwa tana tokare shi a wuri guda a tsakiya, inda ba a gina shi don haka ba. Masu yin jakar suna cewa obalodi ne, da hura iska fiye da kima, da gudu a kan rami. Hotunan motocin da suka karye galibi suna nuna kaya jibge can bayan aksul, abin da ke ba kowane ɓangare hujja.

Abin da Ostiraliya ta yi dabam shi ne buɗe hanyar doka. Kamfanoni irin su ARB da Lovells da Pedders suna sauya ƙafar mota gaba ɗaya, injiniya ya sa hannu, a ƙara mata nauyin da aka amince ta ɗauka a takarda. Ba'amurken da ya sa jakar iska a garejin gidansa ba shi da irin wannan dama.

Hilux ɗin da ke gabanmu

A Arewacin Najeriya da Nijar ba a cika jan ɗakin kwana ba, amma ana jan janareta da tankin ruwa da injin iska na masu haƙa rijiyar burtsatse. Abin da ya fi yawa shi ne lodin da ya zarce bodi: rodi da katako da suka leƙo baya da mita biyu, ko buhuna jere a kan buɗaɗɗiyar ƙofar baya. Lissafinsu ɗaya ne da na wuyan tirela, tunda duk a bayan aksul suke dannawa. Hilux ɗin da ke tashi daga Agadas su nufi Dirku da Libiya da mutum ashirin da wani abu, ga jarkokin ruwa da na mai, su ne suka kai abin ƙarshe.

Maganin da aka sani tun zamanin Peugeot 404 da 504 shi ne ƙarin sifiri. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, bakanike zai kwance ɗaurin, ya cusa falle ɗaya ko biyu, ya ɗaure. Baya ya tashi, motar ta daina dukan ƙasa. Taya da aksul da bodin ƙafa kuwa suna nan da ƙarfinsu na da, kuma dogayen ƙusoshin da ke ɗaure sifiri da aksul, waɗanda ya kamata a sauya duk lokacin da aka kwance su, galibi tsofaffin ake mayarwa.

Akwai kuma wani abu da ba kowane mai mota ya san da shi ba. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani ɗan bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa auna lodi. Idan baya ya sauka, sandar tana tura bawul ya ƙara wa burkin baya ƙarfi. Idan baya yana sama, ya rage, don kada tayoyin su ƙulle a motar da ba kaya. Da tsayi kaɗai yake gane nauyi. Motar da aka ƙara wa sifiri tana iya ɗaukar tan guda bayanta bai sauka sosai ba, bawul ɗin ya ɗauka fanko take, ya hana burkin baya ƙarfin da yake buƙata. Sababbin Hilux masu burkin ABS sun mai da wannan aiki hannun kwamfuta mai lura da juyawar kowace taya. A tsofaffin, waɗanda su ne suka fi yawa a hanyoyin kasuwannin ƙauye, dole bakanike ya sake saita sandar daidai da sabon tsayin bayan ya gama ɗaure sifirin, aikin da bai wuce na sifana biyu da 'yan mintuna ba.